Ranar da Aka Zura Waziri a Rijiya

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ƙofa bakwai, kuma Allah ya haɗa masa hali biyu a zuciya ɗaya: son talakawansa, da son a ce dabararsa ta fi ta kowa. Na farkon ya sa ake yi masa addu'a a masallatai. Na biyun kuwa shi ya koya wa fadawansa gyaɗa kai tun kafin ya rufe baki.

Wata shekara ƙorafi ya yi yawa a kan yaran birnin. Yau an ɗauke kaza, gobe an yanke aljihu a kasuwa, jibi an fasa rumbu. Sarki ya yi kwana uku yana nazari, a rana ta huɗu ya fito fada fuskarsa cike da annuri, ya ce: "Yaro ba ya gudun abin da bai gani ba. Daga yau, duk yaron da ya kai shekara goma sha biyu a birnin nan, a kai shi kurkuku ya yini. Ya ga duhu, ya ji wari, ya ga mari a ƙafar manya, ɗaurarru su faɗa masa da bakinsu abin da ya kawo su. Wanda ya gani kuma ya yi sata bayan haka, shekara bakwai zai yi a ciki, domin ba shi da sauran hanzari."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce tun da aka kafa birnin ba a taɓa jin hikima irin wannan ba. Wazirin nan kuwa ba mugu ba ne, mutum ne mai karatu da kunya, sai dai duk gari an san shi da tsoro. Ko kwata zai tsallake sai an riƙe masa hannu, kuma an ce tun yana yaro bai taɓa leƙa rijiya ba.

Aka yi shela, aka fara. Kowace Alhamis dogarai su tattara yara ashirin ko talatin su miƙa wa Yari, wato shugaban kurkuku, da la'asar a sako su. Iyaye mata suna tsaye a bakin ƙofa suna ganin 'ya'yansu na fitowa wasu da hawaye, wasu da rawar jiki, sai su ce lallai sarki ya yi dabara. Sarki kuwa duk baƙon da ya zo daga wata ƙasa, kafin a kawo masa ruwa an ba shi labarin Alhamis.

To, a wata unguwa can bayan marina akwai wani tsoho mai haƙar rijiya, ana ce masa Cindo. Shekararsa ta haura saba'in, kuma rabin rijiyoyin birnin shi ya haƙa su ko mahaifinsa. Mutum ne mai alfahari da sana'arsa, wani lokaci har ya wuce gona da iri, don in ya ga mace tana jan ruwa sai ya tsaya ya gaya mata shekarar da aka haƙa rijiyar da irin ƙasar da aka tarar a zurfin gaba tara, ita kuwa tuwonta na kan wuta. Ba shi da kowa a duniya sai jikansa Arzika, wanda iyayensa suka rasu suka bar masa tun yana rarrafe.

Arzika yaro ne mai sanyi. Ko wucewa za su yi ta bangon kurkuku, sai ya koma ɗaya gefen kakansa ya riƙe masa riga. Ranar da layi ya zo kansa aka tafi da shi, Cindo ya kasa cin abinci, yana ta tunanin yadda yaron zai dawo a firgice. Da la'asar sai ga shi ya shigo yana taku ɗai-ɗai, idonsa na ƙyalli. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce:

"Kaka, ashe abin ke nan?"

Gaban tsohon ya faɗi. Ya san wannan magana, ya ji ta a bakin yara kusan hamsin a rayuwarsa, amma ba a ƙofar kurkuku ba.

Daga nan abubuwa suka canza a hankali. A kurkukun akwai wani ɗan fashi da ake yi wa laƙabi da Gatari, wurinsa Yari yake fara kai yara saboda girman jikinsa da munin muryarsa. An umarce shi ya faɗi laifinsa don yara su tsorata, shi kuwa da ya samu masu saurare sai ya gyara zama. Mutumin da ya shekara goma ba wanda ya tambaye shi labari, ga shi an kawo masa kunnuwa talatin kowane mako. Ba a daɗe ba yaran gari suka haddace yadda Gatari ya tare ayari shi kaɗai. Suka fara ɗaura zare baƙi a idon sawu don kwaikwayon mari, suna tafiya da jan ƙafa irin ta ɗaurarru. Wanda ya kalli Gatari ido cikin ido bai ƙifta ba, shi ne babba a dandali. Wanda bai shiga ba tukuna kuwa, ba ya da bakin magana.

Cindo ya tsinke zaren ƙafar Arzika sau uku. Ya yi faɗa, ya yi lallashi. Shekara biyu bayan haka, ana sauran kwana tara Babbar Salla, Arzika da abokansa suka kwance ragon wata tsohuwa mai suna Tabawa, wanda ta yi wata goma tana kiwo don layya, suka kai shi bayan gari suka gasa. Ba yunwa ce ta sa su ba, cika baki ne. Sauran suka gudu, aka kama Arzika da igiyar ragon a hannu.

Shekara bakwai. Cindo ya ƙirga da yatsunsa, ya san ko Allah ya yi masa tsawon rai, da wuya ya ga ranar fitowa. Kuma ya san wanda zai fito ba Arzikan da ya rena ba ne. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya kama shi, amma akwai wani abu da ya fi su ƙarfi, wato haushin gwani da ya ga ana yin aikinsa a baibai. Ya wanke rigarsa guda ɗaya, ya naɗa rawaninsa, ya nufi fada ranar da za a yanke hukunci.

Aka shigo da yaron, kansa a sunkuye. Kafin sarki ya yi magana, tsohon ya matso ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Wane ne kai, tsoho?"

Cindo ya ce, "Ya sarki, ni ne wanda kowa yake gini ya yi sama, ni kuwa in yi ƙasa. Duk nisan da na yi a aikina, haka nake ƙara ɓacewa daga idon mutane. Ranar da na gama kuwa, babba da yaro sai sun sunkuya kafin su amfana."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Mai haƙar rijiya ne kai." Fadawa suka ɗauki kirari, sarki kuwa ya ji daɗin kansa. Ya ce, "Me ke tafe da kai?"

"Yaron nan jikana ne. Ban zo in ce bai yi laifi ba, ya yi, kuma tsohuwar da ya cuta ta fi ni gaskiya. Na zo ne in gai da abokin sana'a."

"Wa ke nan?"

"Kai, ya sarki. Shekara hamsin ina koya wa yara aiki, ban yaye fiye da hamsin ba. Kai cikin shekara uku ka yaye ɗaruruwa, kuma da dabarar gidanmu ka yi."

Wani dogari ya taka zai kama shi, sarki ya ɗaga hannu. Fuskarsa ta canza, amma son jin ƙarshen magana ya rinjaye shi. Ya ce, "Ni tsoro nake shukawa a zuciyar yara. Kai me kake shukawa?"

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni cire shi nake yi. Abin mamakin shi ne hanyarmu ɗaya."

"Hanya ɗaya ba ta kai mutum gabas ta kuma kai shi yamma."

"Haka ne, ya sarki. Don haka ɗayanmu ya yi kuskuren inda ya dosa. Bakina ba zai iya nuna ko wane ne ba, amma rijiya za ta iya. Ka ba ni mutumin da ya fi kowa tsoro a fadarka, ka ba ni hantsi ɗaya. In ban nuna maka abin da nake nufi ba, a haɗa ni da yaron a mari ɗaya, in ƙarasa kwanana a can."

Sarki ya ce, "Na yarda. Wa ya fi kowa tsoro a nan?"

Idanun fada gaba ɗaya suka juya wuri ɗaya. Waziri ya duba bayansa ko akwai wani a can, bai ga kowa ba sai bango.

Washegari da hantsi aka taru a bakin wata rijiya da Cindo yake kan haƙawa kusa da ƙofar arewa. Ta kai gaba goma sha biyar, ba a tarar da ruwa ba tukuna. Gari ya ji labari, har kan katanga mutane ne. Aka kawo Arzika da mari a ƙafa aka zaunar da shi gefe.

Cindo ya shiga aikinsa cikin natsuwa, kamar ba ransa ne a kai ba. Ya fara kunna fitila ya zura ta har ƙasa, ya jira, ya jawo ta tana ci. Ya ce wa Waziri, "Ranka ya daɗe, ka ga wutar ba ta mutu ba, iskar ciki lafiya take." Ya ɗauko igiya mai kauri ya sa ƙarti huɗu suka ja ta a gabansa ba ta tsinke ba. Ya ɗaura masa ita a ƙugu da ƙarƙashin hammata, ya ce, "Zan ƙirga ɗari bayan ka taka ƙasa, sannan mu jawo ka. Ba za ka ƙara ko ɗaya a kai ba."

Waziri ya roƙi sarki da girman Allah, ya tuna masa shekarun da ya yi yana hidima, ya ce yana da ciwon jiri tun na gado. Sarki ya kawar da kai. Aka ɗaga shi aka zura, yana salati da murya irin wadda ba a taɓa jin ta a fada ba. Tun ana jin sa sosai har muryar ta koma can ƙasa kamar ta mai magana cikin tulu. Daga nan sai shiru.

Cindo ya fara ƙirga a bayyane. Hannunsa na kan igiya, amma ya san mutum ba ƙasa ba ne da za a ce an gama saninsa. A cikin yaran da ya koyar akwai biyu da suka fito suka gudu ba su sake dawowa ba. In Waziri ya zama na uku, to Cindo da Arzika sun tafi ke nan. Bai kalli yaron ba har ya kai ɗari.

Aka ja. Kan Waziri ya fara bayyana, ba rawani ba hula, gemunsa duk jar ƙasa. Da ƙafarsa ta taka bakin rijiya sai mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka saki ganga ba tare da an sa su ba, jama'a suka ɗauki sowa. Mutumin da aka shekara talatin ana yi wa dariya a ɓoye, yau shi ake yi wa kirari. Ya tsaya, ya kakkaɓe riga, ya dubi ramin, ya dubi taron. Sai kafaɗunsa suka buɗe. Ya ce:

"Ashe abin ke nan?"

Arzika ya ɗago kai da sauri ya dubi kakansa.

Waziri bai tsaya nan ba. Ya shiga ba fadawa labarin sanyin da ke ƙasa, da yadda sama ta koma kamar faifai, da yadda shi tun farko ma ba tsoro ya ji ba, addu'a ce kawai yake yi da ƙarfi. Cindo ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, hularka ta faɗa ciki. Bari in sa ɗaya daga cikin yarana ya ɗauko."

Waziri ya ce, "Wane yaro? Ɗaura mini igiyar, ni da kaina zan ɗauko. Kuma wannan karon ba sai ka ƙirga ba."

Jama'a suka fashe da dariya. Sarki bai yi dariya ba.

Cindo ya juyo ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, haka ubana ya yi mini ina ɗan shekara goma sha biyu, haka na yi wa duk wanda na koya wa sana'a. Yaro yakan zo mana yana tsoron rijiya kamar mutuwa. Ba ma yi masa wa'azi. Mukan zura shi, yana sane akwai igiya a ƙugunsa, yana sane za a jawo shi kafin rana ta yi zafi, abokansa kuma suna sama suna jiran su ga ko zai yi kuka. In ya fito, abin da yake tsoro ya zama abin da yake taƙama da shi. Kai ma ka zura su, ka nuna musu ƙasan ramin, ka jawo su da la'asar lafiya lau. Jikana yana tsoron bangon kurkukunka tun bai san abin da ke bayansa ba. Kai ka cire masa."

Sarki ya ce, muryarsa a ƙasa, "Amma na ga yara suna fitowa da kuka."

"Gaskiya ne, ya sarki. Masu kukan nan, yawancinsu ko ba a kai su ba ba za su taɓa kayan kowa ba. Sauran kuwa tsoronsu na kwana uku ne, labarin da suka samu na bayarwa kuma na shekaru ne. Kada ka ɗauki maganata, ni mai son kai ne a wannan shari'a. Tambayi Yari."

Aka kira Yari. Dattijo ne marar yawan magana, ya jima yana son a tambaye shi ba a tambaya ba. Sarki ya ce ya faɗi gaskiya, ba abin da zai same shi. Yari ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙofar ciki gajera ce. A da duk yaron da aka kawo da laifi, sai an ja shi yana turjewa, kuma sai ya buga goshi a saman ƙofar don bai san da ita ba. Yanzu kuwa sun ninka na da, kuma ba mai buga goshi. Da kansu suke sunkuyawa. Wasu har sukan tambaye ni ko akwai sauran wuri a ɗakin Gatari."

Wannan ce dabarar da sarki ya fi so a duk mulkinsa, ya aika labarinta ƙasashe, ga shi wani tsoho mai ƙasa a farce ya kwance ta a gaban talakawansa. Ya ji zafin abin ƙwarai. Amma ɗaya halin nasa, wato son mutanensa, shi ya yi nasara a ranar. Ya ce, "To, ku masu rijiya, yaron da ba ku so ya faɗa, yaya kuke yi da shi?"

Cindo ya ce, "Ba ma sa shi ya leƙa. Mukan ɗaga bakin rijiyar, mu yi mata murfi, mu ba shi aikin da zai riƙe hannunsa biyu, mu sa babba kusa da shi wanda zai ji kunyar ɓata wa rai."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya ce daga ranar an daina kai yara kurkuku kallo, kuma duk yaron da aka ɗaure a ƙarƙashin dokar shekara bakwai a sake duba shari'arsa, a raba shi da manyan ɗaurarru, a damƙa shi ga mai sana'a. Sannan ya sa aka kawo Tabawa, ya ce, "Iya, ragonki ba zai tafi a banza ba. Na layya yana kaina, domin ni na fara kwance igiyarsa tun shekara biyu da suka wuce. Amma hannun da ya ɗauka shi ma sai ya biya. Me kika fi buƙata?"

Tsohuwar ta ce unguwarsu ba rijiya, sai sun tsallake marina suke samun na sha.

Sarki ya dubi Arzika ya ce, "Kai ka ce ramin ba wani abu ba ne. To ga rami. Za ka haƙa wa unguwar tsohuwar nan rijiya da hannunka, a ƙarƙashin kakanka, ba za ka huta ba sai ranar da ta sha. A cire masa marin."

Wata biyar aka yi ana aikin. Ranar farko sarki ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga ya ja kwandon ƙasa na farko, Waziri kuwa da ƙyar aka hana shi shiga. Hannun Arzika ya yi kanta, bayansa ya yi ciwo, ya yi kuka a ƙasan rami inda ba mai ganinsa. Abokansa na dandali suka zo yi masa dariya, biyu daga cikinsu suka ƙare da riƙe igiya. A gaba na goma sha takwas ƙasa ta yi laima, kwana biyu bayan haka ruwa ya ɓullo.

Yaron ya cika ƙwarya, aka jawo shi sama, ya wuce kowa ya durƙusa gaban Tabawa. Ta sha, ta sa masa albarka. Abin da ya rage ya kai wa kakansa. Cindo ya kurɓa, ya juya ruwan a baki yadda ya saba, ya ce garɗinsa ya yi, ba kanwa. Daga ranar, duk macen da ta zo jan ruwa a wurin sai ya tsayar da ita ya gaya mata wanda ya haƙa, ko da tuwonta na kan wuta.

Shi kuwa sarki, an ce ya daina ba baƙi labarin Alhamis. In an tambaye shi abin da ya koya a mulki, sai ya ce wani mai haƙar rijiya ne ya karantar da shi a hantsi ɗaya, kuma ya sa aka rubuta karatun a saman ƙofar fada: "Adalci shi ne ka rufe bakin rami kafin yaro ya faɗa, ba ka nuna masa hanyar shiga sannan ka hukunta shi don ya bi ta ba."